Baƙi Iri Biyu Ne

Ƙarfe bakwai saura kwata yake isowa, kafin mai shara ta gama baranda. Yakan kafe tsohon babur ɗinsa ƙarƙashin matakala, ya hau bene da jakarsa ta yadi wadda hannunta ya sha ɗinki, ya buɗe tagogin ɗakin taswira duka ukun. Ba ya kunna kwamfuta tukuna. Sai ya goge tabarau da gefen riga, ya tsaya gaban igiya.

Igiyar shanya ce ta gaske, shuɗiya, ta roba. Ta matarsa ce. Wata safiya ya kwance ta daga tsakar gida, ya ce da yamma zai dawo da ita, yau shekara tara ke nan. Daga kusurwar kabad ya ɗaure ta zuwa ƙarfen taga, a kanta kuma yake rataye hotunan yankinmu da tauraron ɗan'adam ke aikowa, kowane da ranarsa a rubuce da jan biro. Duk kwana goma sha biyu tauraron ke wucewa ta kanmu, saboda haka shekara guda takan ci takarda talatin. Yakan fara daga kabad, ya taka a hankali, hannu a baya, kamar likita mai zagayen marasa lafiya. In ya kai taga, ya ƙare shekara.

“Baba ya yi wanki,” haka muke cewa in mun shigo. Wasu su ƙara da, “A kwashe fa, hadari ya taso.”

Ko a jikinsa. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, komai yawan digirinsa, sai Baba ya ja shi gaban igiyar.

“Wannan ba ido ba ne, kunne ne,” in ji shi. “Rada ake ce masa. Tauraron kira yake ƙwalla wa ƙasa, ya kasa kunne. Gajimare ba ya tare shi, duhu ba ya tare shi. Wuri mai kaushi, itatuwa, gine-gine, amfanin gona da ya tasa, sai ya amsa da ƙarfi, ya fito fari. Wurin da ke sumul kuwa, kiran zamewa yake yi ya wuce, ba amsa, sai ya fito baƙi. To, ruwa baƙi ne. Amma ba duk baƙi ne ruwa ba. Baƙi iri biyu ne: akwai na ruwa, akwai na ƙasar da aka baje sumul. Ka riƙe wannan ko da ka manta sunana.”

Da yawanmu sunan nasa muka manta. Baba Baƙi-Biyu ya bi shi, har mai gadi da shi yake kiransa.

Ranar Alhamis da ta wuce ya ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar. Ya fara ne tun ana jan sarƙa da tef a daji don auna ƙasa, ya koyi kwamfuta da furfura a kansa, ya ƙare a matsayin da ya daɗe a kai: mai tabbatarwa, wato wanda ke zuwa ya taka ƙasa da ƙafarsa, ya duba ko abin da hoto ya faɗa gaskiya ne. Abin da aka yi masa ranar Alhamis ɗin shi ya hana ni yin shiru. Amma sai an san kwarin tukuna.

Kwarin yana da tafiyar awa biyu da rabi daga ofis, in hanya ta yi kirki. Da damina kogi ke cika ya malale shi gaba ɗaya. Da kaka ruwan ya janye, ya bar taɓo mai laushi. Sai mata sittin da 'yan kai su shiga da fartanya da allon katako, su baje taɓon sumul, su bar ruwa iya idon sawu, su dasa shinkafa. Da ita suke ci da gidajensu har wata shekara. A igiyar Baba ana ganin duk wannan: baƙi da damina, baƙi lokacin dashe, sannan toka-toka, sannan fari tas in shinkafa ta rufe ƙasa, sannan ya dushe bayan girbi.

Ranar wucewar tauraro, in dai ƙafarsa na iya ɗaukarsa, a kwarin za a same shi. Wajen shida na yamma yakan tsaya cikin gona, wando a naɗe, ya rubuta abin da ke ƙarƙashin tafin ƙafarsa daidai lokacin da tauraron ke sauraro daga sama. Littattafan da ya cika da wannan rubutu sun kai ashirin da biyu, duk gefensu da tambarin laka.

Shekara bakwai da suka wuce ya sa mai walda ya haɗa masa fallen ƙarfe uku suka zama kwano ɗaya mai kusurwa, kamar lungun akwati, ya kafa shi kan doguwar sandar ƙarfe a tsakiyar kwarin. Irin wannan kwano yana mayar wa tauraro kiransa gaba ɗaya, sai ya fito ɗigo fari ƙal a hoto. Da ɗigon yake gane ainihin inda ya tsaya. Shugabar matan, wadda kowa ke kira Gwaggo, sa'arsa ce, kuma bakinta ba ya hutu. Ita ta laƙaba masa Mai-kwano.

“Wannan kuma na mene ne?” ta tambaye shi ranar da ya kafa.

“Na rada ne.”

“Raɗa? Wa ake yi wa raɗa a gonata? Kai, in gulma ce ka sauko ƙasa mu yi tare.”

Bayan wata biyu ɗigon ya ɓace daga hoto. Hankalin Baba ya tashi, ya hau babur. Ya tarar an kife kwanon, an ɗaure shi tamau da tsumma.

“Mun ga ruwan sama na taruwa a ciki,” in ji Gwaggo. “Muka ce kada ya yi wa bawan Allah tsatsa. Ko godiya babu?”

Ya yi godiya, ya huda ƙasan kwanon, ya mayar da shi yadda yake. Tun daga ranar ɗigon bai sake ɓacewa ba.

A ƙa'idar ma'aikatarmu, wurin da taswira ta rubuta “gona” ba a taɓa shi sai an zauna da masu shi. Wurin da ta rubuta “ruwa na dindindin” kuwa ba na kowa ba ne, ana iya ba wanda aka ga dama ba tare da an tambayi ko kaza ba. Kalma ɗaya ce tsakanin matan nan da abincinsu. Akwai kuma wani kamfanin haƙar yashi da ya daɗe yana lasar baki a kan kwarin.

A farkon ranin bana aka ɗauko wani masani daga waje don ya sabunta taswira. Dakta muke ce masa. Ya zo da kwamfuta siririya da turare mai tsada, ya kalli igiyar Baba ya yi murmushin da ake yi wa wasan yara. Cikin kwana huɗu ya gama aikin da ya kamata ya ci shekara. Hoto biyu ya ba na'urarsa: ɗaya na tsakiyar damina, ɗaya na farkon rani, makon da matan suka gama baje taɓo. Baƙi a na farko, baƙi a na biyu. Na'ura ta ce ruwa da damina, ruwa da rani, ashe tafki ne. Ta shafe kwarin da shuɗi.

Aka tara mu a ofishin Darakta, mu goma sha ɗaya, ban da Baba da Dakta.

“Saura sa hannun mai tabbatarwa,” in ji Darakta. “Baba, ga fom.”

Baba ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, yana bin layi da yatsa.

“Ranka ya daɗe, an rubuta na je na ga ruwa.”

“To, ba ka ga ruwa ba?”

“Na gani. Na kuma ga shinkafa. Ba a bar min gurbin rubuta ta ba.”

Dakta ya jingina da kujera. “Baba, da girmanka, zamani ya wuce nan. Na'ura ce ta tantance, kuma daidaitonta kashi casa'in da huɗu ne cikin ɗari.”

“Allah ya ƙara mata basira. Sauran shidan nan, Dakta, mutane ne a ciki.” Ya miƙa biro ya taɓa fuskar kwamfutar. “Wannan farin ɗigon da ke tsakiyar tafkin naka fa?”

“Jirgin ruwa ne. Na ƙarfe. Haka suke fitowa.”

“Shekara bakwai yana nan bai gusa ba. Ko a je a duba matuƙin, ƙila ba lafiya.”

Wani ya ƙunshe dariya, ta fito masa ta hanci. Darakta ya sha mur.

“Saura wata nawa ka ajiye aiki, Baba?”

“Biyar, ranka ya daɗe.”

“To, ka ajiye shi lafiya.”

Baba ya mayar wa biro murfi, ya tura fom ɗin gaban Darakta da hannu biyu, cikin ladabi, kamar mai miƙa wa babba ruwa. Ya ce, “Ban ga abin da aka rubuta ba.”

Mu goma sha ɗaya ne, na faɗa. Dukanmu mun yi jami'a. Dukanmu Baba ya ja mu gaban igiyar nan, kuma babu wanda bai san me ya faru da hotunan Dakta ba. Ɗakin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mu. Ni ma ina ciki. Wata ƙusa ce a gefen teburin, ita na zuba wa ido har aka tashi. Kafin la'asar wani daga cikinmu, wanda takalminsa bai taɓa sanin lakar kwarin ba, ya sa hannu cewa ya je ya gani.

Washegari aka ce ana bukatar “gogaggen mutum” a sito. Aka sauko da Baba ƙasa, ɗaki mara taga, tsakanin karyayyun kujeru da tsoffin taswirorin da gara ta fara. Aka hana shi motar fita aiki. Aka kwance igiyar, aka zuba hotunan a kwali kamar shara. Mutumin da ya koya wa rabin ma'aikatar nan aiki, ya koma ƙirga tsintsiya da bokiti. Masu ce masa “Baba ya yi wanki” suka daina ce masa komai, sai su bi ta ɗaya matakalar don kada a gan su suna gaishe shi. Shi kuwa ya sake ɗaure igiyar a sito, ya ci gaba da hawa babur ɗinsa zuwa kwari duk kwana goma sha biyu, da gwiwar da ke ƙara in ya durƙusa.

Abin da ya faru a gida matarsa ce ta ba mu labari da bakinta. Wata safiya tana shanya, a sabuwar igiyar da ta saya bayan ta fid da rai da tsohuwar, ta ce masa, “Malam, wata biyar ne fa. Ka sa musu hannun nan ka fita da mutuncinka.”

Ya daɗe yana ɗaure takalmi. Sannan ya ce, “In na sa, da wane ido zan kalli Gwaggo?”

“To, ni da wane ido kake kallona, shekara tara da igiyata?”

Ta ce ta dube shi, ta ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa cikin 'yan makonni. Sai ta kwashe kayan da ta shanya, jiƙaƙƙu, ta zuba a baho, ta kwance igiyar, ta shiga ta ciro wata da ta ɓoye ƙarƙashin gado saboda shi ɗin dai, ta dunƙule su ta cusa masa a jaka.

“Ungo. Shekara ɗaya ba za ta ishe su ba, masu taurin kai ne. Ka shanya musu uku.”

Taswira ba ta zama doka sai kwamiti ya amince, kwamitin kuma sai bayan mako goma ya zauna. Ba a gayyaci Baba ba. Amma ɗakin taron yana ƙarshen barandar bene, kuma hanya ɗaya ce. Da safiyar ranar, kafin mai shara ta gama, igiya uku na miƙe daga farkon baranda zuwa ƙarshenta, takarda casa'in na kaɗawa, kowace da jan da'ira a kan kwarin.

Shugabar kwamitin tsohuwar alƙaliya ce, gajeriya, mai tafiya da sanda. Ta hawo matakala, Darakta na gefenta yana ta zuba, Dakta na biye. Sai ta ja ta tsaya.

“Wa ya yi shanya a nan?”

Fuskar Darakta ta canja kala. Ya ɗaga hannu zai kira masinja, sai Baba ya fito daga bayan takardun, ya rusuna.

“Ni ne, ranki ya daɗe. Kwarin da za ku sa wa hannu ne. Taku talatin kawai nake roƙo.”

“Wannan ma'aikacin sito ne,” in ji Darakta, “ba shi da...”

“Taku talatin ba za su kashe ni ba,” ta ce. “Ina zan duba, bawan Allah?”

“Cikin jan da'irar. Baƙi ruwa ne ko ƙasa sumul. Fari, abin da ya tsiro.”

Ta fara takawa, sandarta na ƙwanƙwasa siminti. Mu muna leƙe ta ƙofofi. Muna jin ta tana faɗa ƙasa-ƙasa: “Baƙi. Baƙi. Baƙi. Toka. Toka. Fari.” Ta kai ƙarshe. Ba wanda ya ce mata komai, ta juyo ta bi igiya ta biyu. Ta bi ta uku. Sannan ta cire tabarau.

“Dakta, wane irin ruwa ne wannan mai yin furfura duk rani?”

“Iska ce, ranki ya daɗe. In ta kaɗa, fuskar ruwa takan yi kaushi, sai ya fito fari.”

Gaskiya ne, iska na yin haka, kuma Baba bai musa ba. Ya dai ciro takarda ɗaya ya matso da ita kusa.

“Haka ne, ranki ya daɗe. Sai dai iskar nan mai ladabi ce. Wata ɗaya take zuwa kowace shekara, ta kaɗa murabba'i murabba'i, ta tsaya daidai kan kunyar da ta raba gonar wance da ta wance.”

Alƙaliya ta dubi Darakta, ta dube shi sosai, har ya fara gyara hular da ba ta karkace ba.

“Yaushe tauraron zai sake wucewa?”

“Talata, ranki ya daɗe. Wajen shida na yamma.”

“To, Talata kwamiti zai zauna a cikin tafkin.”

Suka je, mota uku. Shinkafa ta kai gwiwa, kore shar har inda ido ya tsaya, kwanon Baba na walƙiya a tsakiya. Gwaggo ta taho tana goge hannu a zani.

“Sannunku da zuwa, manya. Ku taka a hankali kada ku nutse, an ce mana teku ce.”

Da a nan labarin ya ƙare, da murna zan rubuta shi.

Cikin makonni goman nan, bisa fom ɗin da aka sa wa hannu, an riga an ba kamfanin yashi “izinin wucin gadi”. Baba ya rubuta takarda uku a kai daga sito, ba a amsa ko ɗaya ba. Injin haƙa ya shiga ta ƙasan kwarin ya cinye gonakin mata goma sha huɗu, da shinkafar a tsaye. Ramin da ya bari ya fi tsayin mutum biyu zurfi, kogi kuma ya biyo ta ƙasa ya cika shi. Gwaggo ta ja kwamitin har bakin ramin. Matan goma sha huɗun na tsaye a gefe, har da ƙanwarta, ba mai kuka, kallo kawai suke yi. Baba ya cire hula.

“Mai-kwano,” in ji Gwaggo a hankali, “wannan wane baƙin ne a hotonka?”

“Wannan iri ɗaya ne, Gwaggo. Ba zai sake yin fari ba.”

A can, taswirar Dakta ta zama gaskiya. Da injin haƙa aka gyara ƙasa ta dace da kuskure.

Sauran kwarin ya tsira. Kwamiti ya soke izinin, aka goge shuɗin, aka rubuta “gonar rani”. Mata kusan hamsin sun yi girbi bana, za su kuma yi baɗi in Allah ya kai mu. Amma har yau ba a tambayi kowa komai ba game da goma sha huɗun. Wanda ya sa hannun ƙarya yana nan a teburinsa. Sai ma aka buga rahoto mai bango mai sheƙi, a ciki aka ce an gano gaskiyar kwarin ta hanyar “sabuwar dabarar bibiyar sauyin ƙasa daga damina zuwa rani, wadda masaninmu ya ɓullo da ita ƙarƙashin jagorancin Darakta.” Sabuwar dabara! Igiyar shanya mai shekara tara! Na bi shafin godiya layi-layi. An gode wa kamfanin da ya buga rahoton. An gode wa masu shirya zauren taro. Sunan Baba babu, ko da a kuskure.

Don a rage ɗawainiya, sai aka haɗa ƙaddamar da rahoton da sallamar masu ritaya, ranar Alhamis ɗin nan. Baba ya zo da farar rigarsa da ta sha guga, matarsa na gefensa. Suka zauna a layi na biyu. Ba su daɗe ba wani jami'i mai kati a wuya ya sunkuyo.

“Baba, yi haƙuri, nan wurin baƙi ne.”

Shekara talatin da biyar. Ya miƙe, ya ɗauki jakar matarsa, suka koma baya suka tsaya jikin bango, don kujerun baya sun cika. Daga nan ta taga ya hango bakin ƙofa. Gwaggo ce da mata tara, sun taso tun safe, da damin shinkafa a kan ɗayarsu. Mai gadi ya tare su, wai an ce masa sai mai katin gayyata.

Baba ya dubi layin gaba, inda Dakta ke zaune ƙafa kan ƙafa. Ya dubi bakin ƙofa. Ya taɓa hannun matarsa.

“Kin gani ko? Ban faɗa ba? Baƙi iri biyu ne.”

Da aka kira sunansa don a miƙa masa agogon bango, an kira sau uku ba amsa. Yana waje, kan bencin mai gadi, dami a cinyarsa, Gwaggo na yi masa tsiya wai rigar ta fi shi kyau.

Baba, kai ne na gaba a laka, na baya a hoto. Kai ne ka tsaya kai kaɗai a ɗakin da mu goma sha ɗaya muka sunkuyar da kai, ba ka ɗaga murya ba, ba ka zagi kowa ba, ka dai ƙi cewa ka ga abin da ba ka gani ba. Ka gaishe mu washegari kamar ba mu yi maka komai ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na san ba ka ƙirga hamsin ɗin da suka tsira. Goma sha huɗun kake ƙirgawa. Na ga yadda kake tsayawa gaban hoton ƙarshe, yatsanka kan baƙin nan da ba ya dushewa, kana cewa da ka shanya igiyar tun makon farko. Ba naka ba ne wannan nauyin. Namu ne. Da mutum biyu kacal sun buɗe baki tare da kai ranar, da injin bai shiga ba.

Ranar Alhamis ɗin, a bakin ƙofar ne ya ciro shuɗiyar igiyar daga jaka, a naɗe, ya miƙa wa matarsa. “Ga amanarki. Na ce da yamma zan dawo da ita.”

Ta juya ta a hannu, ta ga yadda ta koɗe, ta yi tsaki. “Wannan ai ta zama ma'aikaciya, ba ta iya aikin gida.” Ta miƙo mana ita, mu 'yan ƙalilan da muka biyo su waje. “Ku mayar da ita inda take. In ta faɗi, ku kuka yar da ita.”

Tana ɗakin taswira yanzu, daga kabad zuwa ƙarfen taga. Har yau Darakta bai ce a cire ba, ba mu kuma tambaye shi ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka ci shinkafar kwarin nan shekaru masu yawa. Mun gode, Mama, da igiya uku da wankin laka na shekara talatin da biyar.

Saura mu. Nan da kwana biyar tauraron zai sake wucewa, zai ƙwalla kiransa, kwanon zai amsa, kuma ana bukatar mai naɗe wando ya tsaya kusa da shi da littafi. Mu goma sha ɗaya ne, ba a rasa ƙafa ba. Ku kuma masu sa hannu, a kowane ofis kuke, kowace irin na'ura ce a gabanku: kafin ku rubuta cewa babu kowa a wuri, ku je ku tsaya a kansa, ku yi sallama, ku saurara ko za a amsa.